Sawu a Siminti

Na zo da igiyar awo a jaka,
da kuɗin adashin da na kwasa watan jiya,
ranar Asabar, bayan La'asar,
gidanmu na Rafin Daɗi.

Baba na zaure, ƙafa a miƙe,
gwiwa ta kumbura kamar curin fura.
Na ce, "Makewayin nan za a gyara."
Ya ce, "Mi ya yi maki?"
Ban ce masa Inna ta tsegunta mini ba
cewa shekaranjiya da asuba
ya tsuguna, tashi ya gagara,
yana ta laluben bango,
bai kira kowa ba
har liman ya sallame.

Na shiga na auna.
Taku bakwai a tsaye, biyar a kwance.
Kwanon rufi ya yi tsatsa,
rana na leƙowa ta huda uku.
Gansakuka ta cinye gindin bango,
ga buta mai yoyo, ga kwandon soso,
guntun sabulu a kan bulo,
ga ƙusar da yake rataya riga,
ita kaɗai ce ba ta tsufa ba.

Mati birkila ya zo da fensir a kunne,
ya ƙwanƙwasa bango, ya kasa kunne kamar likita.
Siminti buhu shida, in ji shi,
yashi kura biyu,
tayil kuwa ban da mai sheƙi:
"Mai kyan nan santsi gare shi, Malama,
na ga wanda ya kai asibiti."
Sagir mai famfo ya ce a ɗora tanki.
Na ce wane ruwa zai hau?
Famfon layinmu tun bara iska yake hurawa,
'yan garuwa ne hukumar ruwanmu.
Muka yi dariya, na soke shawa daga takarda,
na bar randa inda take.

Sai maganar masai na zama.
Baba ya ce shi ba majinyaci ba ne,
kujera a zaure ake ajiye ta,
kuma wanda ya haƙa ramin nan da hannunsa
ba yanzu za a koya masa zama ba.
Can kuma ya ce, in ma dole ne,
kada ta kalli gabas, kada ta ba ta baya.
Mati ya juya zanensa kudu,
bututu ya ƙaru da ƙafa huɗu,
lissafina ya tsallake albashin wata.

Da dare na zauna da biro da fitilar waya.
Na cire madubi.
Na cire fenti, farar ƙasa ma ta isa.
Na cire atamfar da na yi wa kaina alkawari.
Ƙarfen dafawa dai ban taɓa shi ba.

Da safe na koma in sake awo,
na janye tsohon bokitin bakin ƙofa,
sai ga sawu a simintin ƙasa:
ƙafar hagu, yatsu biyar,
duka bai kai tafin hannuna ba.
Inna ta leƙo ta ce, "Naki ne.
Ran da ya yi daɓen kika kuɓuce mini.
Ya ɗaga cokali zai shafe,
ya tsaya yana kallo, sai ya fasa."

Shekara talatin da huɗu
ruwan wanka na bi ta kansa,
ya ɗan huta a dunduniyar
kafin ya gangara rariya.

Da na fito, na iske Baba a tsakar gida,
ya zana da sandarsa a jikin bango
inda ƙarfen zai tsaya:
daidai ƙugu, ta hannun dama.
Bai dube ni ba, ya ce,
"Ki gaya ma Mati, tayil ɗin nan nashi,
in ya zo bakin ƙofa, ya kewaye."

Mati ya ce yankan kewaye aiki ne,
sai an ƙara dubu biyu.
Ban taya ba.
Litinin za a kawo yashi.